Yadda ƙirga huda ya shiga kimiyyar fiziks, har kamfanoni ke zuba kuɗi a kansa

A shekarar 1937 masanin Tarayyar Sobiyet, Lev Landau, ya shimfiɗa ƙa'idar da aka daɗe ana bayyana sauyin yanayin abubuwa da ita: komai ya rataya ne ga daidaiton siffa. Ruwa iri ɗaya ne ta kowace fuska aka dube shi. Da zarar ya zama ƙanƙara sai ƙwayoyinsa su jeru sahu-sahu, wannan daidaito ya karye.

A 1980 ƙa'idar ta gamu da abin da ta kasa fassarawa. Bajamushe Klaus von Klitzing ya gwada ƙwayoyin lantarki da aka tsare a wani shimfiɗi siriri ƙwarai, cikin matsanancin sanyi da ƙarfin maganaɗisu. Turjiyar wutar da ya auna a gicciye ta riƙa sauyawa mataki-mataki kamar tsani, kowane mataki kusan ohm 25,813 ne da aka raba da cikakkiyar lamba. Daga wannan mataki zuwa wancan babu daidaiton da ya karye, gurɓin da ke jikin abin gwajin kuma bai girgiza lissafin ba. A yau da wannan ake tantance ma'aunin turjiya a duniya.

David Thouless da abokan aikinsa suka kawo bayanin a 1982 daga topoloji, reshen lissafin da bai damu da lanƙwasa ko miƙewa ba, sai yawan huda. A wurinsa zobe da kofi mai mariƙi ɗaya suke, tunda kowannensu huda ɗaya gare shi. Rabin huda kuwa babu shi, shi ya sa lambar ba ta gocewa kaɗan-kaɗan. Thouless ya raba kyautar Nobel ta 2016 da Duncan Haldane da Michael Kosterlitz.

Wannan juriya ce masu ƙera kwamfutar kwantam ke kwaɗayi, domin ƙanƙanin motsi kan ɓata bayanan da take riƙe da su. A Fabrairun 2025 Microsoft ya sanar da guntun Majorana 1 da ya ce ya gina bisa wannan tsari, amma masana da dama sun ce hujjar da aka wallafa ba ta gamsar ba. Taka-tsantsan ɗin nasu yana da tushe: a 2021 an janye wata maƙalar mujallar Nature ta 2018, wadda masu bincike a Delft ta ƙasar Holan suka yi irin wannan iƙirari a cikinta, bayan wasu masanan sun nemi ɗanyen bayanan gwajin sun sake tantance su.