Sauyin Sunayen Ciyayi Dangin Aya-aya: Jagora ga Malaman Gona da Manoma

Gabatarwa

Duk mai noman shinkafa a fadamun Gwagwalada, Kwali ko Abaji ya san wahalar aya-aya. Ita da aya da kajiji 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana ke kira Cyperaceae. Za ka gane yawancinsu da kara mai kusurwa uku, marar gaɓa.

Abin da ya sauya

A da, masana sun raba waɗannan ciyayi zuriya-zuriya bisa kamannin fure da siffar ƙwayar iri. Ta haka aka ware Kyllinga da Pycreus da Mariscus daga Cyperus, zuriyar aya-aya. Da aka binciki ƙwayoyin gadon tsirran, sai ta bayyana cewa duk sun tsiro ne daga cikin Cyperus, kuma wasu siffofin da aka dogara da su sun ɓullo sau da dama a rassa daban-daban. Kama da wane ba ta wane. A shekarar 2014, Isabel Larridon da abokan aikinta suka shigar da Kyllinga da Pycreus cikin Cyperus. Sabon tsarin da suka wallafa a 2021 ya amince da zuriya 95 a gidan baki ɗaya.

Misali, Kyllinga brevifolia ta koma Cyperus brevifolius, ita kuma Mariscus alternifolius ana kiran ta Cyperus cyperoides.

Shawarwari

1. Malamin gona, idan ka ga tsohon suna a littafi ko a jikin kwalbar magani, ka nemi sabon, kada ka ɗauki ciyawa ɗaya a matsayin biyu.
2. Maganin da aka keɓe don ciyayi dangin kiri-kiri ba ya kashe dangin aya-aya. Ka tabbatar da irin ciyawar kafin manomi ya kashe kuɗinsa.
3. Haɗa su zuriya ɗaya bai sa halinsu ya zama ɗaya ba. Aya-aya na yaɗuwa ta 'ya'yanta na cikin ƙasa, don haka ka kafce gonar da rani domin rana ta busar da su. Masu yaɗuwa ta iri kuwa, ka nome su kafin su yi fure.
4. In za ka kai samfur ofishin aikin gona, ka tuge shi da saiwa da fure, domin da su ake tantance shi.