Me ya sa ake rufe wa motoci hanya a lokacin ɗari?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau za mu leƙa ƙasar Amurka, mu ga wata doka da ake bi a dazuzzukan gwamnati. Idan ɗari ya shigo, ana rufe wasu hanyoyin daji, a hana mota wucewa har watanni huɗu ko biyar.

Ina ake yin haka?

A arewa maso yammacin Amurka akwai babban gandun daji mai suna Yellowstone, wanda aka keɓe tun shekarar 1872. Da farkon watan Nuwamba ake rufe yawancin hanyoyinsa, saboda dusar ƙanƙara tana binne su. Sai tsakiyar watan Afrilu ake fara buɗe su. Kudu da gandun, kusa da garin Jackson, akwai tuddan da hukumar daji take rufewa daga 1 ga Disamba zuwa 30 ga Afrilu. Wanda ya karya doka ana cin sa tara.

Dalili na farko: namun daji

A tuddan nan wasu manyan bareyi masu ƙaho mai rassa suke yin ɗari. Ciyawa tana ƙarƙashin ƙanƙara, abinci ya yi wuya. Dabba tana rayuwa ne da kitsen da ta tara lokacin da ciyawa take ɗanya. Duk sa'ad da ƙarar mota ta firgita ta, ta yi gudu, sai kitsen ya ragu. Idan abin ya yawaita, mai ciki tana iya yin ɓari, raunana kuma su mutu kafin sabuwar ciyawa ta fito. Makiyayi ya san wannan sarai: saniyar da ta rame da bazara ba a kora ta da gudu.

Dalili na biyu: ƙasa

Idan ƙanƙara ta narke, ƙasa tana jiƙa ta yi laushi. Taya mai nauyi tana yanka ta, ta bar rami dogo. Ruwa ya bi ramin, ya zaizaye shi, har ya zama kwazazzabo. Inda taya ta danne kuma, ƙasa tana taurarewa, ruwa ba ya shiga, ciyawa ba ta tsira da kyau. Ɓarnar yini ɗaya tana iya ɗaukar shekaru kafin ta gyaru.

Mu fa, nan gida?

Ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da damina. Shi ya sa ake kafa shinge a kan hanyoyin jar ƙasa: idan an yi ruwa, sai a tsayar da manyan motoci har hanya ta tsane. Gandun daji na W, kudu da Yamai, wanda ya zama gandun ƙasa a shekarar 1954, shi ma tun asali da rani aka tsara shigarsa da mota. A da, da damina akan bar hanyoyinsa da namunsa su huta.

Abin da ya kamata mu riƙe

1. Direba ya jira a shinge. Jiran awa kaɗan ya fi hanyar da ta yanke har ƙarshen damina.
2. Kada a ratsa makiyaya ko gona da mota ko amalanke alhali ƙasa tana jiƙe.
3. Kada a firgita bisashe da babur lokacin da suka rame.
4. Mace mai cikin da ya tsufa, a kai ta kusa da gidan likita tun kafin ruwa ya datse hanya.

Daji da hanya dukiyarmu ce baki ɗaya. Idan muka bar su suka huta a lokacin da suke da rauni, za mu same su da kyau baɗi.