Girman Akwatin Sifika: Inci Kaɗai Ba Ya Isa

Duk wanda ya tsaya kusa da kayan kiɗa a wurin biki a Rikoto, ko lokacin Uhola a nan Zuru, zai lura cewa akwatuna biyu masu sifika inci 15 iri ɗaya sukan bambanta. Ɗaya duka yake yi har ka ji a ƙirji, ɗayan kuwa sai "bum-bum" marar tsari. Galibi laifin akwatin ne. An kai wa kafinta sifika, ya auna faɗinta, ya kwafi girman wani akwati da ya taɓa yi, shi ke nan. Katako ya tafi, kuɗi sun tafi.

Iskar da ke cikin akwati aikin sifirin take yi a bayan takardar sifika, kuma kowace sifika da nata taurin. A. N. Thiele, injiniya ɗan Ostireliya, ya fitar da lissafin wannan a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Lambobi uku ne suka fi damun mai akwati: Fs, saurin kaɗawar da sifika ta fi so da kanta; Vas, yawan litar iskar da laushinta ya yi daidai da na sifikar; sai Qts, yadda take saurin lafawa bayan ta kaɗa.

Sifikun kasuwa da yawa babu takardar bayani, sai ka auna da kanka. Ka nemi wayar da ke da manhajar fitar da sauti, ƙaramar amfilifaya, rezista mai om 10, da mita irin ta masu gyaran rediyo. Rataye sifikar a sarari, nesa da bango. Sa rezistar a kan waya ɗaya tsakanin amfilifaya da sifika, ka ɗora mita a kan rezistar, murya ƙasa-ƙasa. Fara daga 20 Hz kana hawa a hankali. Inda lambar mita ta fi faɗuwa, nan ne Fs, domin a nan sifika ta fi hana lantarki wucewa.

Vas fa? Ɗaure sifikar a rufaffen akwati da ka san litarsa, ka toshe duk wata kafa, ka sake awon. Lambar za ta hau. Raba sabuwar da tsohuwar, ka ninka amsar da kanta, ka cire 1, ka ninka da litar akwatin. Misali, daga 40 Hz ta koma 80 a akwatin lita 40: 2 sau 2, 4, cire 1, 3, sau 40, kusan lita 120. Qts ta fi wahala da hannu, gara ka bar wa REW, manhajar kwamfuta ce kyauta.

To, ga inda abin yake. Ninkin da Fs ta yi a rufaffen akwati, kusan shi Qts ma take yi. In Qts ɗinka 0.35 ce, a lita 40 ta zama 0.7, wanda masu ƙira suka fi nema don sauti ya fita sumul. Matse sifikar nan a lita 15 don tsimin katako, ninkin ya zama 3: Fs ta koma 120 Hz, Q ta wuce 1. Bum-bum ɗin ke nan, kuma ƙara murya ba ya gyara shi.

Sabuwar sifika takan yi tauri, ka bar ta ta yi kiɗa na wasu awanni kafin ka auna.