Mai Bin Gida-Gida da Tambaya

A ƙofar gidaje da yawa a ƙasar Hausa za ka ga an rubuta "Ba shiga". Shi ya sa tattara bayanan mata ya zama sana'ar mata. A binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa a Najeriya, kamar na 2013 da na 2018, mace ce ke zama da mata 'yan shekara 15 zuwa 49, namiji kuma ya ji da maza.

Kayan aikinta ba su da yawa: 'yar kwamfutar hannu, katin shaida, da jerin gidajen da aka zaɓa. Gwanintar a bakinta take. In ta ce, "Kina aiki?" sai matar gida ta amsa, "A'a, ni matar aure ce." Alhali tun asuba ta soya ƙosai, 'yarta ta fita talla, ga hular da take ɗinkawa a gefen tabarma. Mai garaje sai ta danna "ba ta aiki" ta wuce. Gwana kuwa gyara zama take yi ta ce, "Yaya, a makon nan kin sayar da wani abu?" Nan zance ke buɗewa. Tun 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu kan wannan cinikin cikin gida.

Akwai tambayoyi masu nauyi. Kuɗin da kika samu, wa ke cewa ga yadda za a kashe? In ba ki da lafiya, wa ke yanke shawarar zuwa asibiti? Batun duka kuwa, mace ɗaya tak ake tambaya a gida, kuma sai an keɓe. Da kishiya ko uwar miji ta leƙo, sai a canza zance.

Irin waɗannan amsoshi suna cikin abin da ake auna tazarar maza da mata da shi. Akwai kuma ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da shi a 2010, mai duba mutuwar mata wajen haihuwa, ilimi, aiki da kujerun majalisa. Abin da ke damuna shi ne girki da reno da wanki ba sa shiga lissafinsa.

Maigida, in mai tambayar ta yi sallama a ƙofarka, ka ba ta izini, ka kuma bar matarka ta amsa da bakinta.