Gidan Makama na Kano: gidan ƙasa mai shekara fiye da 500

'Yan uwa manoma da makiyaya, da yawa cikinmu sun je Kano fatauci ko cin rani. Amma kaɗan ne suka shiga wani tsohon gida da ke kusa da fadar Sarkin Kano. Sunansa Gidan Makama.

An gina shi domin Muhammadu Rumfa, jikan Sarki Abdullahi Burja, lokacin da aka naɗa shi Makama. Rumfa ya ci sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Shi ne ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya koma can. Tsohon gidan ya zama na masu sarautar Makama.

A 1903 Nasaran Ingila suka ci Kano da yaƙi. Sai suka mai da gidan ofishinsu. Daga baya aka raba shi uku: sashe ɗaya lakwal, ɗaya wurin zaman Makama, ɗaya kuma gidan tarihi. A 1959 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen da doka ta hana a rushe. Yau baƙo yana ganin ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari a ciki, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan sarakuna.

To, da me aka gina wanga gida? Da abin da muka sani duka: tubali, da ƙasa, da azara ta giginya. Babu abin da maginanmu na Agye ko Gazawa ba su iya ba. Abin da ya riƙe shi, gyara ne. Ginin ƙasa ba ya son sakaci. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, azara ta ruɓe, damina biyu sun isa su ka da ɗakin da kakanni suka bari.

Mu ma muna da namu. Tun 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Tsibiri, cikin yankin Gidan Rumji, Gobirawa suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Amma a ganinmu, magada suna saurin rushe zauren gado su sa kwano, ba su ko tambayi tsofaffi wa ya gina shi ba.

Mai tsohon soro, ya duba indararonsa, ya yi yaɓe tun da rani, kafin ruwan shuka ya sauka.