Lynx da Takardar Shaidar da Ta Kasa Tantancewa

A 1992, a Jami'ar Kansas ta Amurka, Lou Montulli da Michael Grobe da Charles Rezac suka fara rubuta manhajar da ake kira Lynx. Burauza ce da ba ta nuna hoto ko bidiyo, rubutu ne zalla a kan allo. Har yau tana raye a hannun Thomas Dickey, kuma masu buƙatarta ba su ƙare ba: makafi da ke karatu da na'urar furta rubutu, masu kula da sabar daga nesa, da duk wanda datarsa ba ta da yawa.

Sai dai akwai wani ciwon kai da ya daɗe yana bin irin waɗannan burauzoji. Mutum zai saka Lynx daga rumbun manhajojin kwamfutarsa, ya buɗe shafi mai https, sai saƙo ya bayyana a ƙasan allo cewa an kasa gano wanda ya ba shafin takardar shaida, a ci gaba ko a tsaya? Sau da yawa shafin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana cikin yadda aka ƙunsa manhajar.

Kowane shafi mai tsaro yana gabatar da takardar shaida da wata hukuma ta sa wa hannu. Ita ma hukumar wata ce ta fi ta girma ta shaide ta, har a kai ga hukumar tushe. Kamar mai neman takardar asali ne: mai unguwa ya san shi, dagaci ya san mai unguwa, hakimi ya san dagaci. Amma dole mai dubawa ya riga ya san sa hannun na can sama, in ba haka ba duk jerin bai amfana masa komai ba. Firefox tana zuwa da jerin hukumomin tushe nata, wanda Mozilla ke tacewa. Lynx kuwa ba ta ɗauke da kowane jeri. Tana miƙa aikin ga manhajojin tsaro OpenSSL ko GnuTLS, su kuma su nemi fayil ɗin jerin a cikin kwamfuta.

A nan ake samun saɓani. Debian da Ubuntu suna ajiye jerin a /etc/ssl/certs/ca-certificates.crt, Fedora a /etc/pki/tls/certs/ca-bundle.crt, OpenBSD a /etc/ssl/cert.pem. Idan mai haɗa ƙunshi ya gina burauzar tana duban wurin da babu komai, ko bai sa jerin cikin abubuwan da dole a saka tare da ita ba, za ta riƙa tuhumar kowane shafi. Gyaran bai wuce layi ɗaya ko biyu ba: a saka ƙunshin ca-certificates, sannan a nuna wa Lynx inda fayil ɗin yake ta saitin SSL_CERT_FILE, a cikin lynx.cfg ko a muhallin tsarin. Ita ma burauzar rubutu w3m, wadda Akinori Ito ya fara a Japan a 1995, tana da saitunan ssl_ca_file da ssl_ca_path don wannan aiki.

Abin takaici, hanyar da mutane suka fi bi ita ce ta rufe bakin gargaɗin. A Lynx sai a mayar da FORCE_SSL_PROMPT zuwa YES, a w3m a kashe ssl_verify_server. Shafuka su buɗe, a ɗauka an gama. Alhali saƙon yana tafiya a ɓoye ne kawai, ba a san ko wa ke ɗaya ɓangaren ba, kuma duk wanda ya shiga tsakani zai iya karɓar lambar sirri. Wannan ba zato ba ne. A 2011 an kutsa cikin DigiNotar, wata hukumar bayar da shaida a Holan, aka fitar da takardar bogi da sunan Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen asirin mutane a Iran. Masu burauzoji suka cire DigiNotar daga jerinsu, kamfanin ya durƙushe a watan Satumbar shekarar. Wannan kariya ta isa ne kawai ga wanda burauzarsa ke duba jerin, kuma jerin nasa sabuntacce ne.

Tsufan jeri ma yana da tasa illar. Ranar 30 ga Satumba 2021 wa'adin tushen DST Root CA X3 ya cika, wanda hukumar bayar da shaida ta Let's Encrypt ta daɗe tana jingina da shi. Kwamfutoci masu OpenSSL 1.0.2 suka dinga bin tsohuwar hanyar da ta mutu, ko da suna da sabon tushen ISRG Root X1, har sai da aka cire tsohon daga jerin ko aka sabunta OpenSSL. Wani lokaci kuma agogon kwamfuta ne ya kauce, batirin cikinta ya mutu ta koma wata tsohuwar shekara, sai ta ga duk takardu ba su fara aiki ba.

Mai haɗa ƙunshi da ya san aikinsa yana gwaji ta fuska biyu. Yana buɗe shafi na gari ya ga ya wuce ba gargaɗi, sannan ya je badssl.com, inda aka ajiye takardun da wa'adinsu ya ƙare da waɗanda suka shaidi kansu da gangan, ya tabbatar burauzar ta tsaya ta yi tambaya a kan kowannensu.