Rangwamen gudunmawa a Tarayyar Turai: Birtaniya ta fice amma rigimar tana nan

Duk bayan shekara bakwai shugabannin Tarayyar Turai kan kulle kansu a Brussels su yi ta ja-in-ja kan kasafin kuɗin ƙungiyar. Abin da ya fi tayar da jijiyar wuya a zaman shi ne rangwamen da ake yi wa wasu ƙasashe a kan gudunmawar da suke biya, kuma masu cin gajiyarsa na cikin mafiya arziki a nahiyar.

Birtaniya ce ta buɗe wannan ƙofa. Ta shiga ƙungiyar a 1973, lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na kasafin ke tafiya wajen tallafin noma. Manoman Birtaniya ba su da yawa idan aka kwatanta da na Faransa, don haka tana zuba kuɗi masu yawa, abin da ke dawo mata kaɗan. Ga shi a lokacin ba ta cikin masu ƙarfin aljihu a ƙungiyar. Firaminista Margaret Thatcher ta tayar da maganar a taron Dublin na 1979, ta ce a mayar wa ƙasarta kuɗinta, ta kuma kafe har shekara biyar.

A watan Yunin 1984 aka sasanta a Fontainebleau da ke Faransa. An amince a riƙa mayar wa Birtaniya kashi 66 cikin 100 na giɓin da ke tsakanin abin da take bayarwa da abin da take karɓa.

Sai dai rangwamen ba ya rage girman kasafin. Abin da aka ɗauke wa wani, wasu ne za su cike. Jamus ta fara neman sassauci tun farko, daga baya a taron Berlin na 1999 aka amince ita da Netherlands da Austria da Sweden su riƙa biyan kashi ɗaya cikin huɗu kawai na rabonsu na cike giɓin Birtaniya. Wannan ne ake kira rangwame a kan rangwame. Nauyin sai ya koma kan Faransa da Italiya. A 2005 Tony Blair ya yarda a rage wa Birtaniya wani ɓangare domin a samu kuɗin raya ƙasashen gabashin Turai da suka shigo, ya kuma sha suka a gida.

Rangwamen ya sake fitowa a yaƙin neman ficewa na 2016. Masu son a fita sun rubuta a jikin jar bas cewa ƙasar na aika wa Tarayyar fam miliyan 350 duk mako, alhali wannan adadi bai cire rangwamen ba, wanda tun kafin kuɗin su bar London ake zabtare shi.

Da Birtaniya ta fice ranar 31 ga Janairun 2020, mutane da dama sun ɗauka an rufe babin. Hukumar Tarayyar ma ta ba da shawara tun 2018 a janye duk rangwamen a hankali cikin shekara biyar. Abin da ya faru akasin haka ne. A taron Yulin 2020, wanda ya ci kwana huɗu har ya shiga na biyar, Faransa da Jamus na neman a amince da asusun Yuro biliyan 750 na farfaɗowa daga annobar korona. Netherlands ƙarƙashin Mark Rutte da Austria da Sweden da Denmark suka ce ba za su sa hannu ba sai an duba aljihunsu. Aka duba.

A kasafin 2021 zuwa 2027, ana rage wa Jamus kimanin Yuro biliyan 3.67 duk shekara, Netherlands biliyan 1.92, Sweden biliyan 1.07, Austria miliyan 565, Denmark miliyan 377. An kuma ƙara abin da kowace ƙasa ke riƙewa daga kuɗin kwastan da ta tara wa ƙungiyar, daga kashi 20 zuwa 25, abin da ya fi yi wa Netherlands daɗi saboda tashar ruwan Rotterdam.

Hujjar waɗannan ƙasashe ba ta banza ba ce: abin da suke bayarwa ya fi abin da suke karɓa nesa ba kusa ba, kuma su ma suna da masu jefa ƙuri'a da za su yi wa bayani. Amma lissafin ya manta ribar da kamfanoninsu ke samu a kasuwar bai-ɗaya. Sannan duk mambobi ne ke haɗa kuɗin rangwamen gwargwadon arzikinsu, wato har Bulgaria da Romania na saka nasu cikin ragin da ake yi wa Jamus.

Wa'adin rangwamen na yanzu zai ƙare a ƙarshen 2027. Dokar da ke tsara gudunmawar sai dukkan ƙasashe 27 sun amince da ita, kowace kuma ta tabbatar da ita a gida bisa tsarin mulkinta, don haka ko ɗaya daga cikin biyar ɗin ta ƙi, sabuwar dokar gudunmawa don kasafin 2028 zuwa 2034 ba za ta fara aiki ba.